GatesNotes: Abin da Mai Karatu Zai Samu a Kantar Littattafan Bill Gates

Sau biyu a shekara, ana gab da shiga lokacin zafi a Amurka da kuma ana gab da hutun ƙarshen shekara, Bill Gates yakan fitar da sunayen littattafan da yake ganin sun cancanci a karanta, galibi guda biyar, kuma kafin a ce kwabo jaridun duniya sun kwashi sunayen sun baza. Mafi yawan mutane iyakarsu ke nan da lamarin, su ga hoton attajirin rungume da littattafai, su karanta sunayen, su wuce. Amma sunayen suna da inda suke fitowa, wato shafinsa na intanet mai suna GatesNotes, wanda ya buɗe a watan Janairun 2010, kimanin shekara ɗaya da rabi bayan ya daina aikin yau da kullum a kamfanin Microsoft, kamfanin da suka kafa tare da Paul Allen a 1975. Sashen littattafai na wannan shafi shi ne abin da nake son in auna a nan, domin a ganina amfaninsa na gaskiya yana cikin dogayen sharhunan da mutane ba su cika buɗewa ba, kuma wanda ya tsaya a kan sunaye biyar ya bar mafi kyawun abin da aka ajiye masa.

Shiga shafin kyauta ne, ba a biyan ko sisi, kuma wanda ya ba da adireshinsa na imel za a riƙa sanar da shi idan an saka sabon rubutu. Akwai rubuce-rubuce a kan lafiya da makamashi da sauyin yanayi da ilimi, sannan akwai na littattafai, inda kusan kowane littafi yake da sharhinsa na kansa, wanda mutum zai iya gamawa a zama ɗaya, wani lokaci tare da gajeren bidiyo. Da Turanci ake rubutun, amma Turanci ne mai sauƙi da gajerun jimloli, ba irin na malaman jami'a ba. Tsarin sharhin ba ya cika canjawa: yakan faɗi abin da ya kai shi ga littafin, ya zayyana babbar hujjar marubucin, ya ɗauko misali ɗaya ko biyu da suka tsaya masa a rai, daga nan ya faɗi inda ya yarda da inda bai yarda ba. Wannan kashi na ƙarshe shi ne ya bambanta shafin da tallar littattafai, kuma zan tsaya a kansa sosai.

Kafin nan ya kamata a san irin makarancin da ake magana a kai, tun da abin da ke shafin duka daga ɗabi'ar karatun mutum ɗaya ya fito. An haifi Gates a birnin Seattle a 1955, kuma tun yana yaro ya bi kundin ilimi na World Book daga harafin farko zuwa na ƙarshe, har sai da iyayensa suka kafa dokar hana zuwa da littafi wurin cin abinci. A yanzu ya ce yana karanta littattafai kusan 50 a shekara. Ya fi son na takarda a kan na na'ura, kuma a fim ɗin da aka yi a kan rayuwarsa a 2019 an nuna jakar yadi cike da littattafai da yake tafiya da ita duk inda za shi. Yana ware wa karatu lokaci mai tsawo a zama ɗaya, awa guda ko fiye, domin a cewarsa littafi mai nauyi ba ya shiga kai idan ana tsinkarsa minti biyar nan minti goma can. Tun yana shugabancin Microsoft yake da al'adar keɓe kansa na mako guda, sau biyu a shekara, a wani ɗan gida na bakin ruwa a arewa maso yammacin Amurka, ba iyali ba ma'aikata, sai takardu da littattafai. Da irin wannan keɓewa ake danganta doguwar wasiƙar da ya rubuta wa manyan ma'aikatansa a watan Mayun 1995, wadda ta juya akalar kamfanin zuwa ga intanet.

Cikin ɗabi'un nasa akwai biyu da suka fi jan hankalina, ɗaya na yarda da ita ɗari bisa ɗari, ɗaya kuma ina da ja a kanta. Ta farko ita ce rubutu a gefen shafi. Gates ya ce idan bai yarda da marubuci ba karatun yakan ɗauke shi lokaci mai tsawo, saboda yawan abin da yake rubutawa a gefe, kuma ana ganin alamar haka a sharhunansa, domin yakan kawo lambobi da misalai irin na wanda ya riƙe alƙalami yana karatu. Wannan ɗabi'a ba ta buƙatar dukiya, kuma ita ce take mayar da mai karatu abokin muhawarar marubuci. Ta biyun ita ce ƙa'idarsa ta cewa duk littafin da ya fara sai ya kai ƙarshensa, ko da ya gundure shi. Ga mutumin da ya mallaki lokacinsa, kuma yake tantance littafi sosai kafin ya buɗe shi, ƙa'idar tana da ma'ana. Ga ma'aikaci ko ɗalibi da ke satar awa ɗaya da dare kuwa, naci a kan littafin da ba ya ƙara masa komai asarar lokacin wani littafin ne, kuma tsoron kasa gamawa yakan hana mutum farawa tun asali. Shi kansa Gates ya taɓa faɗin cewa akwai wani dogon ƙagaggen labari da ya daɗe yana jinkirin farawa saboda wannan ƙa'ida.

Wurin da shafin ya fi ƙarfi shi ne littattafan da ke bayanin yadda duniyar zahiri take tafiya, kuma a nan babu wanda ya kai Vaclav Smil yawan fitowa. Smil masani ne haifaffen ƙasar Czech da ya yi aikinsa a Jami'ar Manitoba da ke Kanada, kuma Gates ya ce yana jiran sabon littafinsa kamar yadda wasu suke jiran fitowar sabon fim. Rubutun Smil yana da nauyi, cike yake da lambobi, kuma Gates ba ya ɓoye wa mai karatu hakan. Abin da yake yi shi ne ya tsamo lamba ɗaya da za ta tsayar da mutum ya yi tunani. Daga littafin Making the Modern World ya ɗauko cewa simintin da ƙasar Sin ta yi amfani da shi a shekara uku, daga 2011 zuwa 2013, ya zarce wanda Amurka ta yi amfani da shi a ƙarni na ashirin gaba ɗayansa, tan biliyan 6.6 a gefe ɗaya, tan biliyan 4.5 a ɗaya gefen. Wanda ya riƙe wannan lamba zai fahimci bunƙasar biranen Sin da kuma wahalar rage hayaƙin masana'antu fiye da wanda ya karanta shafuka ashirin na bayani.

Littafin Smil na 2022, How the World Really Works, shi ne mafi sauƙin shiga cikin ayyukansa, kuma na karanta shi ne saboda sharhin da na gani a wannan shafi. Hujjarsa ita ce rayuwar zamani tana tsaye a kan abubuwa huɗu, siminti da ƙarfe da roba da sinadarin ammoniya wanda ake yin takin zamani da shi, kuma dukansu huɗun da man fetur da iskar gas da kwal ake samar da su. Ya nuna cewa kusan rabin mutanen duniya ba za su sami abin da za su ci ba in ba don wannan taki ba. Akwai wurin da ya ɗauki tumatir guda ɗaya da aka noma a rumfunan roba na kudancin Sifaniya, ya bi shi tun daga taki da ban ruwa har zuwa motar sanyi da ta kai shi arewacin Turai, ya lissafa cewa makamashin da ya ci ya kai kimanin cokali biyar na man dizal. Abin yabo a nan shi ne Smil ya fi Gates shakkar saurin da fasaha za ta iya sauya waɗannan abubuwa, kuma Gates yana faɗin wannan bambanci a fili, amma bai daina tura mutane ga littattafansa ba.

A fannin kasuwanci mutum zai zaci mai kamfanin kwamfuta zai zaɓi sabbin littattafan dabarun shugabanci, sai ga shi wanda ya ce ya fi kowanne a wurinsa tsoho ne, Business Adventures na John Brooks, wanda ya fito a 1969. Attajirin mai zuba jari Warren Buffett ne ya ara masa nasa kwafin ba da daɗewa ba bayan haɗuwarsu ta farko a 1991. Littafin labarai goma sha biyu ne da Brooks ya fara bugawa a mujallar The New Yorker, ciki har da labarin motar Edsel da ta jawo wa kamfanin Ford asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 350, da labarin tashin kamfanin Xerox. Littafin ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa, amma da Gates ya rubuta a kansa a 2014 aka sake buga shi, ya shiga sahun littattafan da aka fi saya. Sharhin yana cikin mafi kyawun abin da ke shafin, saboda mai sharhin ya san harkar daga ciki: ya ɗora a kan inda Brooks ya tsaya, ya bayyana yadda masu binciken Xerox suka ƙirƙiro tsarin sarrafa kwamfuta ta hanyar hotuna a fuskar allo, shugabanninsu suka kasa mayar da shi haja, Apple da Microsoft suka ci moriyarsa. Da wuya a sami wani mai sharhin littafi da zai iya ba da wannan shaida da bakinsa.

Sai dai duk wanda ya daɗe yana bin shafin zai lura cewa kantar ta karkata gefe ɗaya, kuma littattafai biyu ko uku ne suke riƙe da wannan gefe. Gates ya daɗe yana yabon The Better Angels of Our Nature na Steven Pinker, wanda ya fito a 2011 da hujjar cewa kashe-kashe da zalunci suna raguwa a tsawon tarihin ɗan Adam, sannan a 2018 ya ce sabon littafin Pinker, Enlightenment Now, ya zama gwaninsa a cikin duk abin da ya taɓa karantawa. A wannan shekarar kuma ya raba wa duk ɗaliban da suka kammala jami'a a Amurka kwafin na'ura na Factfulness kyauta, littafin likitan nan ɗan ƙasar Suwidin Hans Rosling, wanda ya rasu a 2017 ɗansa da surukarsa suka ƙarasa aikin. Littafin Rosling yana da amfani ƙwarai, musamman inda ya yi watsi da raba duniya gida biyu, masu arziki da matalauta, ya kasa ta mataki huɗu bisa abin da mutum yake samu a rana: ƙasa da dala 2, daga 2 zuwa 8, daga 8 zuwa 32, sai kuma sama da 32, ya nuna cewa mafi yawan mutane suna matakai biyu na tsakiya. Ban ga laifin yabon waɗannan littattafai ba. Abin da na gani shi ne so yakan hana ganin laifi, domin masana tarihi da dama sun soki yadda Pinker ya yi amfani da ƙididdigar yaƙe-yaƙen zamanin da, kuma mai karatun da ya dogara da shafin kaɗai ba zai ji nauyin wannan suka yadda ya kamata ba.

Karkatar ta fi fitowa fili idan littafi ya taɓa abin da Gates yake da hannu a ciki. A 2013 ya yi wa Why Nations Fail na Daron Acemoglu da James Robinson kaca-kaca, ya ce bayanin nasu ya yi sauƙi da yawa. Hujjar littafin ita ce arzikin ƙasa ko talaucinta yana bin irin hukumomin siyasa da na tattalin arziki da take da su, ko masu buɗe ƙofa ga kowa ne ko masu tatsar jama'a domin 'yan tsiraru. Gates ya kawo misalin birnin Venice na ƙasar Italiya, ya ce abin da ya durƙusar da shi shi ne ƙwacewar cinikin kayan yaji da ya bi wasu hanyoyin teku, ko da hukumominsa sun ci gaba da zama a buɗe ba za su cece shi ba. Marubutan sun mayar masa da martani mai zafi a mujallar Foreign Policy, kuma a 2024 su biyun tare da Simon Johnson suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a kan wannan fanni na bincike. Kyautar ba ta nuna cewa duk sukar Gates kuskure ce ba, domin wasu masanan ma sun yi irinta. Amma yana da kyau mai karatu ya tuna cewa mai sharhin shi ne shugaban gidauniyar agaji ta Gates da aka kafa a 2000, wadda aikinta ya ginu a kan imanin cewa kuɗin agaji da allurar rigakafi da ingantaccen iri suna iya sauya rayuwar matalauta ko da siyasar ƙasarsu ba ta gyaru ba. A wannan shekarar ta 2013, a wani zaman tambaya da amsa a Ostireliya, ya yi kakkausar suka ga littafin Dead Aid na masaniyar tattalin arziki 'yar Zambiya Dambisa Moyo, wanda ke cewa agajin ƙasashen waje ya cutar da Afirka, ita ma ta mayar da martani cewa ya karkatar da maganarta. Haka kuma idan yana sharhi a kan makamashi, ya dace a san cewa yana da jari a kamfanin nukiliya na TerraPower da kuma shirin zuba jari a makamashi mai tsabta na Breakthrough Energy da ya kafa a 2015.

Duk da haka ba zan yi masa adalci ba idan ban ambaci sharhinsa na 2014 a kan Capital in the Twenty-First Century na Bafaranshen nan Thomas Piketty ba, wanda a ganina shi ne misalin yadda ya kamata a yi jayayya da littafi. Littafin yana magana ne a kan taruwar dukiya a hannun mutane irin Gates ɗin kansa, kuma yana kira da a ɗora haraji a kan dukiyar. Gates ya karanta shi, ya yi magana da marubucin ta manhajar kiran bidiyo ta Skype, sannan ya rubuta cewa ya yarda tazarar arziki mai yawa matsala ce, jari-hujja ba ya gyara ta da kansa, kuma gwamnati tana da rawar takawa. Inda suka rabu shi ne magani. Ya kawo misalin attajirai uku, ɗaya yana zuba dukiyarsa a kasuwanci, ɗaya yana bayarwa sadaka, ɗaya yana kashewa a jiragen ruwa da na sama, ya ce bai kamata a yi musu kuɗin goro ba, don haka ya fi son haraji mai hawa-hawa a kan abin da mutum yake kashewa, tare da harajin gado. Mutum yana iya cewa wannan matsayi ya dace da aljihun mai shi, kuma akwai gaskiya a ciki, amma an shimfiɗa hujjar a fili yadda kowa zai iya auna ta. Irin wannan gaskiyar ta bayyana a sharhinsa na 2019 a kan Why We Sleep na Matthew Walker, inda ya ce littafin ya sa ya gyara lokacin barcinsa, amma bai gamsu da ƙarfin alaƙar da marubucin ya ƙulla tsakanin ƙarancin barci da cutar mantuwa ta Alzheimer ba.

A ɓangaren ƙagaggun labarai shafin bai da zurfi sosai. Akwai The Great Gatsby, wanda har aka rubuta wata jimla daga cikinsa a rufin ɗakin karatun gidansa, akwai A Gentleman in Moscow da Project Hail Mary, kuma sharhin da yake yi musu yakan tsaya a kan labarin da darasin da ya ɗauka, ba ya shiga salon harshe ko ginin labari. Mai neman jagora a fagen adabi gara ya nemi wani wuri. A shekarun baya-bayan nan kuma ya fara cusa finafinan talabijin da waƙoƙi a cikin jerin, abin da ya rage wa littattafan wuri.

Babban giɓin da na gani shi ne na muryoyi. Mafi yawan marubutan Amurkawa ne da Turawa, kuma kusan duka da Turanci suka rubuta, alhali kuwa mai shafin ya shafe fiye da shekara ashirin yana kashe dukiyarsa a kan matsalolin Afirka da kudancin Asiya. Akwai 'yan kaɗan da suka saɓa wa haka, kamar Born a Crime na Trevor Noah ɗan Afirka ta Kudu a jerin 2017, da Born in Blackness na ɗan jaridar Amurka Howard French a 2023, wanda ya dawo da Afirka da 'yan Afirka tsakiyar tarihin yadda duniyar zamani ta ginu, kuma Gates ya amsa cewa ya koyi abubuwan da bai sani ba daga cikinsa. Amma waɗannan ba su da yawa idan aka kwatanta da littattafan da masana na waje suka rubuta a kan talauci da cututtukan waɗannan yankuna. Sannan akwai maganar kuɗi, domin kyautar shafin ba ta kai ga littattafan ba, sabon littafi mai kaurin bango a Amurka yakan kai dala 30, kuma rabon da ya yi a 2018 ɗaliban Amurka kaɗai ya shafa.

Ga wanda yake son gwada shafin, shawarata ita ce kada ya fara da jerin da ya fito na baya-bayan nan. Ya nemi sharhin Business Adventures da na Piketty da ɗaya daga cikin na Smil ya karanta su a natse, domin a cikinsu zai ga yadda mutumin yake tunani, kuma ko bai sayi littattafan ba zai fita da hujjojinsu a kansa. Idan kuɗin littafi ɗaya kawai yake da shi, How the World Really Works ya fi sauran ba da riba ga wanda yake son fahimtar abinci da makamashi da masana'antu, Factfulness kuma ya fi sauƙin karantawa ga wanda bai saba da lambobi ba. Idan ya zo kan Why Nations Fail, ya karanta sharhin Gates, ya nemi martanin Acemoglu da Robinson ya karanta, sannan ya ɗauki littafin da alƙalami a hannunsa ya duba babin Venice da kansa.